Malamin Da Bai Taɓa Jin Mu Ba

A minti na bakwai na darasin, malamin yakan ɗago kai daga kan jitarsa, ya dubi kyamara, ya yi murmushi, ya ce madalla, hakan ya yi. Wani Bature ne mai furfura a gemu, zaune cikin ɗaki tsaf-tsaf a wani gari na Ingila da ba mu taɓa takawa ba. Wannan madalla mun ji ta ya fi sau ɗari. Mun ji ta ranar da muka yi daidai, mun ji ta ranar da ƙaramin yatsa ya kauce ya danne tsirkiyar da ba ita ba, mun ji ta har wani dare da jitar ke jingine da bango mu kuwa muna cin tuwo. Murmushin bai taɓa sauyawa ba. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, har yau in ya faɗe ta sai mun ji ɗan sanyi a rai.

Mu uku ne. Duk mun haura talatin, duk kimiyyar kwamfuta muka karanta, kuma da rubuta manhaja muke cin abinci: ɗaya a Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. A 2020, lokacin zaman gida na korona, ɗayanmu ya samo jita 'yar gwanjo daga Kano, ya turo hotonta a WhatsApp da nufin a yi masa dariya. Aka yi dariyar. Kafin wata biyu sauran biyun ma kowa ya sayi tasa.

Duk wanda ya nemi darasin jita a YouTube, ba ya daɗewa sai an kai shi ga abin da suke kira sikel, mu kuma a tsakaninmu muke ce wa tsani. Jita tsirkiya shida gare ta, an kuma gitta ƙananan ƙarafa a wuyanta sun raba shi gida-gida. Duk gidan da ka matsa gaba, sauti ya ƙara sirancewa da taki ɗaya. In ka kai gida na 12 ka raba tsawon tsirkiyar biyu ke nan, tana karkarwa ninki biyu na saurin da ta fara da shi, kunne kuma ya ji sautin farko ne ya dawo da siririyar murya. Tsani shi ne ka zaɓi wasu daga cikin takun nan 12 ka bar sauran. Na do-re-mi, wanda wasunmu suka rera a firamare, sautuka bakwai ne: taki biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Akwai kuma mai sautuka biyar, wanda aka fi fara ɗora ɗan koyo a kai: uku, biyu, biyu, uku, biyu. Za a ce ka aza manuniya a gida na biyar na tsirkiya mafi kauri, ƙaramin yatsa a gida na takwas, ka gangara har ƙasa, ka sake hawowa, wata manhaja tana ƙirga maka bugu 60 a minti. Gobe ka maimaita. Jibi ma haka, har kan yatsu ya yi kanta.

Ga mai rubuta manhaja wannan abu romo ne. Lissafi ne tsantsa: kowane taki ninka karkarwar ne da kusan 1.059. A dare ɗaya na Gusau ya rubuta 'yar manhaja mai zana kowane tsani a kowane gida na jita. A lokacin bai iya kaɗa ko guda ɗaya ba tare da tsirkiya ta yi kukan ƙuda ba.

Mun ɗauka hanyar da muka bi muka koyi sana'armu ita za ta kai mu. Ai rabin abin da muke aiki da shi ba a aji muka samo ba, a bidiyo ne. Abin da muka manta shi ne, a can muna da mai tsawatawa. Kwamfuta ba ta da kara: ka manta waƙafi ɗaya, ta ƙi motsi, ta kuma nuna maka layin da ka yi ɓarna. A nan kuwa babu mai ce maka kul. Na Tsafe ya shafe watanni yana maƙale babban yatsa yana lanƙwasa wuyan hannu ta inda bai kamata ba, malam yana ta yi masa madalla, har ciwo ya kama hannun da yake neman abinci da shi a kan kwamfuta. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aflatun ya kawo irin wannan ƙorafi ta bakin Sukrat, a kan rubutu: yana kama da zanen mutum, ka gan shi kamar mai rai, amma in ka tambaye shi ba abin da zai ƙara maka a kan abin da ya riga ya faɗa. Bidiyo rubutu ne da aka yi wa fuska da murya, shi ya sa ya fi saurin ruɗin mutum.

Da nan maganar ta tsaya, da ba ta kai a rubuta ba. Kowa ya san malami mai gani ya fi wanda ba ya gani. Tambayar da ta daɗe tana cin mu ita ce: me ya sa muka zaɓi wanda ba ya ganin? Don ba rashin malamai ne ya kai mu Ingila ba. A Gusau akwai samarin da ke kaɗa jita a coci duk Lahadi, da wasunsu ma mun zauna aji ɗaya. A ƙauyukanmu akwai tsofaffin da tsirkiya ta ci musu yatsu tun kafin a haife mu. Ko sau ɗaya tunanin zuwa wurin ɗayansu bai zo mana ba, kuma rashin zuwan tunanin shi ne abin dubawa.

Ƙasar nan tamu ƙasar makaɗa ce, duk Arewa ta shaida. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, a Rawayya ta ƙasar Bungudu aka haife shi. Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, ɗan Bakura ne, kuma ba a raba sunansa da fadar 'Yandoton Tsafe saboda waƙar da ya yi a can. Ga Sa'idu Faru. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekarunsa yana tattara tarihinsu da waƙoƙinsu don kada su bi iska. Mukan sa su a mota daga Gusau har Funtuwa, muna jinjina kai, muna cewa ba za a sake irinsu ba. Amma mu faɗi gaskiya: cikinmu wa zai yi farin ciki in ɗan makaɗi ya aiko neman auren ƙanwarsa? Muna son kiɗa, muna raina mai yin sa. Mun gaji wannan ne kamar yadda su ma suka gaji kotso da taushi, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Ɗan boko mai digiri, magidanci, ya tafi ya durƙusa gaban maroƙi yana cewa a koya masa? Unguwa za ta sha labari.

Akwai kuma addini, ba za mu yi kamar babu ba. Muna yara aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, a cikinta muka girma. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma mafi yawan waɗanda muka yi karatu a gabansu hanawa suke yi. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, kowannenmu yana ɗauke da nasa lissafin tsakaninsa da Ubangijinsa. Sai dai mun lura da abu guda. Da tsoron Allah ne ya sa muke kulle ƙofa muna rage sauti, da barin abin muka yi gaba ɗaya, don ƙyaure ba ya tare masa gani. Mutane muke wa ɓoyo.

Malamanmu na zaure sukan ce mutum biyu ba sa samun ilimi: mai kunya da mai girman kai. Na farko ba ya iya tambaya, na biyu ba ya iya zama ƙasa. Shekaru aru-aru maganar nan tana nan daram, don babu wata ƙofar shiga sai ta gaban wani mutum. An ruwaito cewa da halifa Haruna Rashid ya nemi Imamu Malik ya zo ya karantar a inda yake, Malik ya nuna masa cewa mai neman ilimi shi ke tattaki, halifan kuma ya je ya zauna. To, ga shi zamani ya fasa wata ƙofa ta baya. Da wayar hannu da data, mai kunya ya samu, mai girman kai ya samu, babu wanda ya ga gwiwarsu a ƙasa. Mu mun haɗa cutar biyu: kunyar a ga ƙato mai 'ya'ya yana fama da abin da yaro ɗan shekara tara ke yi a Instagram, da girman kan da ya hana mu gaida wanda ya iya a matsayin malami.

Ranar 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wanda ya zauna a jihar a makonnin nan ba ya buƙatar a tuna masa. An rufe kasuwannin mako, an taƙaita zirga-zirgar babura, a kwanakin farko mutane har Funtuwa suke zuwa don su buga waya ɗaya, kafin can ma abin ya shafe su. Wasu sun rasa abin da ya fi darasin jita nesa ba kusa ba, kuma muna jin nauyin haɗa namu da nasu. Mu dai aikinmu ya tsaya cak, malaminmu kuma ya ɓace kamar an hure fitila. Na Tsafe ya tattaro ya dawo Gusau wurin yayansa saboda halin da hanya ke ciki. A gidan ne wata yammaci 'yar yayan, mai shekara shida, ta leƙo ta ce, "Baffa, kaɗa mana wata waƙa." Ya hau tsani ya sauko. Ta ce, "To yanzu fara." Shekara ɗaya da rabi, ba shi da ko guda.

Na Bungudu ne ya kawo maganar tsohon. Maƙwabcinsu ne, makaɗin garaya na maharba a da, yanzu yana tufkar igiya a ƙofar gida. Shekara da shekaru yana gaishe shi in zai wuce, gaisuwar da ake yi ba a rage tafiya ba. Muka sa rana, muka tafi da hantsi. Motar muka ajiye can bakin titi, muka naɗe jitar cikin zane, muka ratsa lungu a ƙasa.

Yana ganinmu da ƙunshi ya ce, "In gawa ta kunka ɗauko, ba nan aka wanka ba."

Muka durƙusa muka gaishe shi, muka yi bayani da kame-kame. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce a kaɗa ya ji. Na Gusau, wanda ya fi mu sauri, ya hau tsanin nan mai biyar ya sauko, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Tsohon ya yi shiru.

"Wanga taken wa na?"

"Ba na kowa ba ne, Baba. Motsa yatsu ne kawai."

"Shekara da rabi kuna kiran wanda ba shi nan?"

Bai faɗa da izgili ba, tambaya ce yake yi tsakani da Allah. Sai a ranar muka gane cewa shi bai taɓa kaɗa tsani ba a rayuwarsa, bai ma san akwai wani abu mai wannan suna ba, alhali sautukan da ke yatsunsa 'yan uwan waɗanda muke haddacewa ne, don kiɗanmu na gargajiya da yawa a kan sautuka biyar yake tafiya. Shi take-take ya koya. Yana yaro yana riƙe wa mahaifinsa kaya, yana amshi, har kunnensa ya cika kafin a bar shi ya taɓa tsirkiya. Kowane kiɗa a wurinsa da mai shi: wannan na maharbi wane ne, wancan na gidan su wane, in an kaɗa shi ko mai shi yana bayan dutse sai tsikarsa ta tashi. Kuma da yake Hausa harshe ne mai hawa da sauka, tsirkiyar tana bin karin maganar ne, tana faɗin abin da mai kunne zai iya mayarwa kalmomi. Ya shiga ciki ya fito da garayar, tsirkiya biyu, wuyanta sumul babu ƙarfe ko ɗaya. Ya kaɗa taken wani maharbi da ya ce ya rasu tun zamanin mulkin soja. Ɗayanmu, saboda hali, ya zaro waya ya buɗe manhajar saita sauti, wadda ba ta buƙatar intanet. A wani sauti da tsohon ke yawan komawa kansa, allurar ta tsaya tsakanin gida biyu ta yi ja, wato a ganinta kuskure ne. A hankali ya mayar da wayar aljihu.

Da na Tsafe ya karɓi jitar, bai kai ga sauti na uku ba tsohon ya miƙo hannu ya ɗan bugi bayan nasa. "Sake ta. Ka shaƙe mata wuya awa mai yankan kaza." Ya kama babban yatsan ya mayar da shi bayan wuyan jitar. Kayan kiɗan da bai taɓa riƙewa ba ne, amma hannu ya sani. Abin da watanni na madalla ba su gani ba, ya gan shi kafin a ƙifta ido.

Za mu tafi muka ajiye masa ɗan abin goro, ya karɓa ya sa albarka. Muna bakin zaure ya ce, "In za ku komo, ku aje mota nan ƙohwar gida. Ba a sata unguwag ga."

Har muka isa Gusau ba wanda ya yi magana.

Yana da sauƙi a tashi daga nan a ce komai na da shi ne daidai, na yanzu duk ɓata ne. Ba mu yarda ba. Tsarin gado da ya haifi su Ɗanƙwairo, wanda shi kansa ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayari, shi ne kuma tsarin da ya ɗaure ɗan makaɗi a matsayin da ba ya fita, ya kulle ɗan malami da ɗan sarki a waje ko da Allah ya ba su kunne. Yara nawa suka tsufa suna amshi maigida bai taɓa sakar musu gaba ba? Tsani, da yake ba na kowa ba ne, na kowa ne: ba ya tambayar ɗan wa kake. Matar aure a Tudun Wada da ba za ta taɓa zama a zauren wani namiji ba tana iya koyonsa a ɗakinta. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake cika dandali a Amurka da Turai, gidansu ba su so kiɗa ba, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, kuma ta katin waya waƙoƙinsa suka ratsa Sahara daga hannu zuwa hannu. Da sai an jira izinin gado, da ba a ji shi ba. Baturen nan ma ba mu da abin zarginsa. Yana da haƙurin da babu ɗan Adam mai shi: ka mayar da shi baya sau arba'in, ka rage saurinsa zuwa rabi, ba zai yi tsaki ba. Abin da ya koya mana gaskiya ne, kuma da ba don shi ba da ba mu da abin da za mu kai zauren tsohon.

Inda muke ganin laifinmu shi ne abin da muka yi amfani da shi muka guje wa. A makarantar allo akwai kuɗin Laraba, kuma kowa ya san ba farashin karatu ba ne, don sulallan ba su kai ba. Shaida ce ta cewa wani yana bin ka. Wanda ya karantar da kai, in ya yi ciwo ka duba shi, in ya rasu ka bi gawarsa, in an tambaye ka a ina ka samo ka faɗi sunansa, ko sunan zai rage maka daraja a idon mai tambaya. Mu kuwa mun samo hanyar da za mu ɗebi ilimi ba tare da kowa ya bi mu komai ba. Abin da muke biya daƙiƙa biyar ne na talla kafin mu tsallake. In malamin ya mutu gobe, bidiyon zai ci gaba da murmushi, wataƙila mu shekara ba mu ji ba. Mun kira wannan 'yanci, kuma akwai 'yanci a ciki. Amma a wurinmu, mu ukun nan, ya zama hanyar da za mu ɗauki abin makaɗa mu bar makaɗan a inda muka same su, can ƙasa, muna gaishe su ba mu rage tafiya ba. Da darasi daga Ingila mutum yana iya kaɗa tsirkiya ya ci gaba da zama injiniya mai abin sha'awa. In a zauren Bungudu ya koya, ya zama yaron makaɗi. Yatsun ɗaya ne, sautin ma kusan ɗaya. Bambancin kawai wanda za a ce ya fi ka, kuma a nan ne muka ga ba mu shirya ba.

Har yanzu muna gardama a kan ko wannan laifi ne ko rauni ne kawai irin na kowa. Na Gusau yana cewa ba wanda aka zalunta: tsohon bai rasa komai ba don ba mu je ba. Na Bungudu yana cewa ya rasa, tunda 'ya'yansa ba wanda ya ɗauki garayar, ɗaya yana acaba ɗaya yana Abuja, kuma taken da ke kansa babu su a wani wuri sai kan nasa. Mutum uku masu neman abin da yake da shi suna zaune kusa da shi, sun gwammace su tsallaka teku. Na Tsafe, wanda hannunsa ya daina ciwo, ba ya cika sa baki.

Farkon Oktoba aka maido da layi a Gusau, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Daren farko, bayan saƙonnin aiki da na 'yan uwa sun gama shigowa, kowa ya koma darasinsa, malam ya ɗago kai ya ce madalla. Na Bungudu yana zuwa zauren duk Alhamis. Ya iya taken maharbin nan a jita, ban da sautin da ke tsakanin gida biyu, wanda sai ya tura tsirkiyar sama da yatsa yake kusantarsa, dabarar da ya tarar Baturen ma yana koyarwa a wani darasi can gaba. Tsohon ya ce ya kusa, amma da mai taken yana raye ba zai waiwayo ba tukuna. Mu biyun sau biyu muka koma. A zuwa na biyu mun ajiye motar a ƙofar gida. Jitar dai a cikin zane muka shiga da ita.